An sauya inji, mota ta ƙi lafiya: yadda ake gano matsalar taimin a motoci masu turbo

A garejojin Godomey da na unguwar Zongo a Kotonu, sauya wa mota inji aiki ne na yau da kullum. Tashar jiragen ruwan Kotonu ta daɗe tana karɓar tsofaffin motoci da injina daga Turai, musamman Beljiyam, kuma a watan Janairun 2017 Najeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa. Sai dai sau da yawa ana gama ɗaura injin, mota ta ƙi tashi, ko ta tashi tana karkarwa ba ƙarfi. Nan take mai mota zai ce an sayar masa da mataccen inji, mai sayarwa kuma ya ce makanike ne bai iya ba. Alhali sau tari injin lafiyarsa ƙalau, taimin ne bai daidaita ba, abin da makanikai masu Faransanci ke kira calage.

Mene ne taimin?

Abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Na farko na ƙarfe ne: bel ko sarƙa da ke haɗa kiranshaf da kamshaf, don bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistan. Kiranshaf yana juyawa sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya. Na biyu na lantarki ne: kwamfutar mota, wato calculateur, ita ke yanke lokacin da filogi zai ba da wuta ko nozul ya fesa mai, bisa saƙon da take samu daga sensar kiranshaf da ta kamshaf.

Kuskure kaɗan yana da nauyi. Idan ƙafar kamshaf tana da haƙora 40, tsallake haƙori ɗaya digiri 9 ne a kamshaf, wato digiri 18 a kiranshaf. A yawancin injinan zamani, dizal ko fetur, bawul da fistan wuri ɗaya suke ratsawa a lokuta daban. Idan taimin ya goce da yawa sai su yi karo, bawul su lanƙwashe, injin da aka saya jiya ya koma buƙatar buɗewa.

Me ya sa turbo ke ƙara tsananta lamarin?

Turbo yana cusa iska da ƙarfi cikin silinda, don haka zafi da matsi sun fi na inji maras turbo. Idan wuta ta zo da wuri, mai yakan fashe ba bisa tsari ba, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin hawan tudu ko ɗaukar kaya. Wannan kan fasa fistan. Idan kuma ta makara, mai yana ƙarasa ƙonewa a hanyar salansa, zafin ya sauka a kan turbo har ya yi ja. Motar da ta zagaya Godomey lafiya za ta iya mutuwa a doguwar hanyar Bohicon zuwa Parakou.

Daga ina za a fara?

Kafin a sake murza makulli, a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. Idan ya cije, a tsaya, kada a tilasta. Idan ya juya sumul, a duba ko alamomin taimin sun dawo wurarensu. Wasu injinan ba a daidaita su da ido. Injin 1.6 THP na Peugeot da Citroën, alal misali, ba shi da maƙalar da ke riƙe ƙafar kiranshaf a wuri guda. Ƙarfin ɗaurin kusa ne kawai ke riƙe ta. Dole a kulle kiranshaf da kamshaf da kayan kulle na musamman kafin a ɗaure. Alamar fenti ba ta wadatar ba.

Kuma injin da ya yi watanni a kwantena ko a rana, ba wanda ya san shekarun bel ɗinsa. A sa sabon bel da abin ɗame shi tun injin yana ƙasa. Ya fi arha a kan sake sauke shi.

Faifai mai haƙora

A nan ne matsalar sauyin inji ta fi ɓuya. Sensar kiranshaf tana ƙirga haƙoran wani faifai da aka cire wa wasu haƙora don kwamfuta ta gane inda fistan na farko yake. Yawancin motocin Turai masu tsarin Bosch suna amfani da 60-2, wato gurbi 60 babu biyu. Toyota da yawa kuma 36-2. A wasu injinan, irin su 2.0 HDi na Peugeot, haƙoran suna jikin babban faifan da ke tsakanin inji da giyabos, wato volant moteur. Idan sabon injin ya zo da faifan wata shekara ko na wani nau'in giya, za a ga ya ɗauru daidai, amma kwamfutar motar tana karanta lissafin da ba nata ba. A jera tsohon faifan da sabon a ƙasa, a ƙirga haƙora, a duba inda giɓin yake. Haka ma sensa: wata mai waya biyu ce, wata uku, kuma ba sa maye gurbin juna ko da soket ya shiga.

Abin da na'urar bincike ke faɗa

Na'urar da ake kira valise tana taƙaita wahala, in an san karatunta. Lambar P0335 tana nuna matsala a layin sensar kiranshaf, P0340 a na kamshaf. P0016 kuwa tana cewa saƙonnin biyu ba su jitu ba, wanda galibi ke nufin bel ya tsallake, sarƙa ta miƙe, ko faifai ba nasa ba ne. Sauya sensa a kan P0016 ba tare da duba taimin ba asarar kuɗi ce. Idan ana murza makulli na'urar ta nuna gudun inji sifili, saƙon kiranshaf ne ba ya isowa: a bi waya, a duba wayar as da aka manta ba a ɗaure ba.

A injinan dizal na zamani, irin su D-4D na Hilux da Hiace, kowane nozul yana da lambarsa a rubuce a kansa, kuma dole a shigar da ita cikin kwamfuta. Idan ba a yi ba, inji zai yi ƙara da hayaƙi kamar taimin ya goce. Idan kuma an kawo kwamfutar sabon injin, ku tuna tana ɗaure da makullin motar da ta fito. Ba za ta tashi ba sai an haɗa su.

Kada a manta da mai

Motocin fetur masu turbo da aka ƙera don Turai galibi suna son mai mai ƙarfin oktan 95. Kpayo na kwalba da ake sayarwa a bakin titi ba shi da tabbacin haka. Idan man ya yi rauni, sensar da ke sauraron ƙarar fashewa za ta sa kwamfuta ta jinkirta wuta, mota ta yi sanyi. Kafin a zargi makanike, a yi gwajin farko da man gidan mai.

Ga mai saye

Ku duba lambar inji da aka buga a jikinsa ku kwatanta da ta tsohon. Girma ɗaya ba ya nufin iri ɗaya. Ku nemi a haɗa muku da wayoyinsa da sensoshinsa. Ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, gaban shaida. Kuma kada ku sayar da tsohon injin ga masu gwangwan sai motar ta yi tafiya lafiya, domin faifan da zai warware matsalar wataƙila yana jikinsa.