Ɗaukaka Ƙara Daban, Dakatar da Hukunci Daban

A 'yan kwanakin nan mutane da dama sun zo ofishin kariya da tambaya iri ɗaya. An bugo wa mutum waya daga gida cewa kotu ta ba wani gonarsa ko gidan gadonsu, ɗan'uwansa da ke can ya ce masa kada ya damu, ai an ɗaukaka ƙara. Shi ke nan sai ya kwantar da hankali. Mun ga ya dace mu yi bayani a nan, domin wannan kwanciyar hankalin tana iya jawo asara.

A dokar Najeriya, ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta hana a zartar da hukunci. Sashe na 17 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya faɗi haka a fili. Wato wanda ya ci shari'a yana iya zuwa da ma'aikatan kotu ya karɓi gonar, alhali takardunku suna gaban kotu ta sama. Abin da ke tsayar da shi wata buƙata ce dabam, ta neman a dakatar da zartar da hukunci har a gama sauraron ƙarar. Sai an riga an shigar da ɗaukaka ƙarar kafin a nemi wannan, kuma yawanci ana fara nema ne a kotun da ta yanke hukuncin. In ta ƙi, sai a haura sama.

Alƙali ba ya bayarwa don kawai an roƙa. Tun shari'ar Vaswani da Savalakh a 1972, Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda ya yi nasara yana da haƙƙin cin moriyar nasararsa, sai in akwai dalili na musamman. Babban dalilin shi ne kada abin da ake rigima a kai ya salwanta. Idan za a rushe gidan, ko a sayar da filin, ko a kai shanun kasuwa, to ko kun yi nasara daga baya me za ku karɓa? Wannan shi ne abin da lauyanku zai nuna wa kotu, da rantsuwa a rubuce. In hukuncin na kuɗi ne ya fi wuya, kuma kotu tana iya cewa a ajiye kuɗin a hannunta tukuna. Sannan ku lura, in an riga an zartar, babu sauran abin dakatarwa.

A nan Kamaru kuwa, musamman wannan yanki da ke bin tsarin Faransa, abin ya sha bamban. A ƙa'ida, ɗaukaka ƙara tana tsayar da hukunci da kanta. Amma alƙali yana iya rubutawa a cikin hukuncin cewa a zartar nan take ko da an ɗaukaka ƙara, kamar a batun kuɗin ciyar da yara. In haka ta faru, sai a nemi Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Marwa ta hana. Shi ya sa muke cewa duk takardar da aka ba ku daga kotun Mokolo, ku kawo mu karanta muku har ƙarshenta, domin takardun da Faransanci suke, kuma wannan jimla can ƙasa take ɓuya.

Shari'ar laifi tana da nata. A Kamaru kwana 10 kacal ake da shi a ɗaukaka ƙara, kuma wanda ke tsare ba a sakinsa don ya ɗaukaka. Iyaye mata sukan yi mana wannan tambaya da hawaye, kuma ba ma jin daɗin ba da amsar, amma gaskiyar ke nan: neman a sake shi kafin a gama wata buƙata ce ta daban. A Najeriya ma beli ake nema daban.

Kasancewarku 'yan gudun hijira bai rufe muku ƙofar kotu ba. Sashe na 16 na Yarjejeniyar 1951 ya ba ɗan gudun hijira damar zuwa kotu kamar ɗan ƙasa, har da taimakon lauya, kuma Kamaru tana cikin yarjejeniyar.

Roƙonmu ɗaya ne game da shari'ar da ke gida. Kada wani ya tsallaka iyaka a ɓoye saboda gona. Hanya ba ta da tabbas, kuma komawa ba tare da shawara ba tana iya shafar matsayinku a nan. Lauya yana iya shigar da takardu a madadinku. Ku tambayi ɗan'uwan da ke can abu uku: ranar da aka yanke hukunci, sunan kotun, da ko an nemi dakatarwa ko ɗaukaka ƙara kawai aka yi. Ya ɗauki hoton takardun ya turo ta waya, ku zo da su ofishin kariya tare da katinku. Ba ma karɓar ko sisi.