Shin Ko Kun San? Yadda Ake Auna Gajiyar Malamin Jami'a

Shin ko kun san cewa takardar tambayoyin nan da ɗalibai masu rubuta kundi ke yawo da ita ofis-ofis, mai zaɓi biyar daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", tana da mai ita? Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, Rensis Likert, shi ya fito da tsarin a 1932. Louis Thurstone na Jami'ar Chicago ya riga shi kafa hujja, tun a 1928, cewa ra'ayi abu ne da ake iya aunawa, sai dai hanyarsa tana buƙatar a tara alƙalai su fara tantance kowace jimla. Ta Likert ba ta da wannan wahalar, sai ta cinye kasuwa. Har gobe da ita aka fi tambayar malami ko yana son koyarwa ko kuwa zaman dole yake yi.

Shin ko kun san da ɓeraye aka fara nazarin matsi? A 1936 Hans Selye, a Jami'ar McGill ta Kanada, ya lura cewa ko sanyi aka gana musu, ko rauni, ko motsa jiki fiye da kima, jikinsu amsa iri ɗaya yake bayarwa, har da gyambon ciki. Ya kasa abin mataki uku: firgita, juriya, sannan ƙarewar ƙarfi.

A 1967 likitoci biyu, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun jera al'amuran rayuwa 43, kowanne da makinsa. Rasuwar miji ko mata ce a sama da maki 100. Kora daga aiki 47, ritaya 45, saɓani da shugaba a wurin aiki 23. Aure kuwa 50 ya samu, wato ya ɗara kora daga aiki. Magidanta sai su faɗi ko an yi adalci.

Shin ko kun san ma'aunin da ya fi shahara wajen auna gajiyar da aiki ke tarawa tambayoyi 22 ne kacal? Christina Maslach da Susan Jackson ne suka wallafa shi a 1981, daga baya aka fitar da na malamai, inda aka sa kalmar ɗalibai a gurbin waɗanda ake yi wa hidima. Abu uku yake dubawa. Tambayoyi 9 suna kan ƙarewar kuzari, irin wadda malami zai tashi da safe ya ji tun bai shiga aji ba ya gaji. Guda 5 suna kan bushewar zuciya, lokacin da ɗalibi ya daina zama mutum a idon malaminsa, ya koma lambar rajista. Sauran 8 suna tambaya ko malamin yana ganin aikinsa na da wani amfani. Ba a tambayar ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Ana tambayar sau nawa abin ke samunka, daga sifili, wato bai taɓa ba, zuwa 6, wato kullum. Bushewar zuciyar nan ta fi ba ni tsoro, domin ɗalibai kan riga malamin ganinta, su ce wane ba shi da kirki, alhali wataƙila shekara goma baya shi ne mai zama da su bayan lakca. Ma'aunin ba kyauta ba ne, sai an biya kuɗin izini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace matsayin wannan gajiya a 2019: ta ce abu ne da ke tasowa daga wurin aiki, ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba.

Shin ko kun san malaman jami'a suna da nasu ma'aunin na musamman? Walter Gmelch da abokan aikinsa sun gina shi a shekarun 1980, da tambayoyi 45, bayan binciken da ya ratsa jami'o'i 80 na Amurka. Sun tarar da matsin yana taruwa a wurare biyar: lada da yabo, ƙarancin lokaci, faɗa-a-ji a sashe, martaba a fagen ilimi, da hulɗa da ɗalibai. Abin da ya zo a kan gaba shi ne malami ya ɗora wa kansa burin da ya fi ƙarfinsa. Neman kuɗin bincike ma yana cikin na sama-sama.

Yawan aiki kaɗai ba ya bayyana komai. Robert Karasek ya nuna a 1979 cewa matsi ya fi tsanani idan aiki ya yi yawa kuma mai yinsa ba shi da ta cewa kan yadda zai yi shi. Johannes Siegrist na Jamus ya ƙara da nasa a 1996: wahala mai yawa, sakamako kaɗan, ko na albashi, ko na girmamawa, ko na ƙarin girma.

Shin ko kun san gashin kai ma yana ba da shaida? Sinadarin kotisol, wanda jiki ke ƙara fitarwa a lokacin matsi, ana auna shi a yawu, kuma yakan kai ƙololuwa wajen minti 30 zuwa 45 bayan farkawa. Gashi kuwa yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, don haka santimita uku daga tushe na ɗauke da labarin wata uku.

Duk waɗannan ma'aunai a Amurka da Turai aka ƙera su, kuma ma'auni ba ya kama abin da bai tambaya ba. Misali, ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya, ASUU, ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, gwamnati kuma ta riƙe albashi bisa dokar ba aiki ba biya. Malamin da ya ci bashi a wannan tsakani, ya dawo ya tarar da zangon karatu a matse da tulin takardun jarrabawa na jiran maki, zai iya cike takardar da aka tsara don malamin Amurka daga farko har ƙarshe ba tare da an taɓo inda ke masa ciwo ba. Duk mai binciken da ya ɗauko tambayoyin waje bai ƙara na albashi, wutar lantarki da cunkoson aji ba, a ganina rabin aiki ya yi.

Akwai kuma matsalar da masu binciken kansu suka sani. Cike takardar ganin dama ne, kuma malamin da aiki ya fi dannewa shi ne mafi wuyar samun minti ashirin ya zauna ya cike ta. Wanda ya riga ya ajiye aikin, ko ya tafi wata ƙasa, ba ya ma cikin jerin waɗanda za a kai wa.