Yadda ake tsallake kundin adireshi na intanet

A duk lokacin da wani shafin intanet ya ƙi buɗewa a shagunan kwamfuta na Birnin Kudu ko Gwaram, musamman a ranakun da ɗalibai ke tururuwar duba sakamakon jarrabawa, bayanin da aka fi ji shi ne babu sabis.

To amma ba kullum ne laifin yake ga sabis ba. Wani lokaci shafin na nan lafiya lau, kwamfutar ce aka ba ta adireshin da ba daidai ba.

Ita dai kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kamar yadda mutum ke danna sunan ɗan'uwansa a wayar salula, ita kuma wayar ta kira lambarsa, haka kwamfuta ke neman lambar kowane shafi daga wani kundi da ake kira DNS, wanda Ba'amurke Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a shekarar 1983.

Matsalar ita ce idan masu shafi suka mayar da shi kan sabuwar na'ura, tsohuwar lambar kan ci gaba da zama a kundin wasu kamfanonin sadarwa na tsawon sa'o'i. Shi ya sa shafi kan buɗe wa wani a Dutse, amma ya ƙi buɗe wa wani a Gwaram.

A nan ne manhajar curl ke da amfani. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya samar da ita, kuma tun 1998 take ɗauke da wannan suna. Ba ta da hotuna ko maɓallan latsawa, rubuta mata umarni ake yi.

A ƙarshen shekarar 2010 ne aka ƙara mata wani umarni da ke bai wa mutum damar faɗa mata lambar da kansa, ba sai ta tambayi kundi ba. Ga misali:

curl --resolve example.com:443:192.0.2.10 https://example.com

Wato sunan shafi, sai lambar ƙofa, inda 443 ke nufin ƙofar da ake bi a sirrance, sannan lambar na'urar da ake son a je.

Idan shafin ya amsa, to an gano cewa kundin ne bai sabunta ba, sai a yi haƙuri a jira. Idan kuwa bai amsa ba, matsalar tana wani wurin.

Akwai tsohuwar dabara ta rubuta lambar a wani fayil mai suna hosts, sai dai wannan kan shafi kwamfutar baki ɗaya, kuma mai shago na iya mantawa da shi har ya zame masa ciwon kai bayan watanni. Shi kuwa umarnin curl, da an gama shi ke nan.

Wani abin da ya fi muhimmanci shi ne, manhajar kan ci gaba da tantance takardar shaidar shafin da sunansa. Idan ɗan damfara ya ba da lambar bogi, curl za ta ƙi shiga, sai fa in mutum ya ƙara harafin -k, wanda ke kashe wannan bincike.

Dabarar dai tana da iyaka. A ranar 4 ga watan Oktoban 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan sa'o'i shida, hanyoyin da ke kaiwa ga na'urorin kamfanin ne suka yanke, don haka sanin lamba kawai bai wadatar ba.