Ko Kun Sani? Ciwon Asma Ba a Huhu Kaɗai Yake Tsayawa Ba

Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya bi diddigin ɗaliban sakandare fiye da 160,000 a Taiwan har shekara 12. An gano cewa yawan waɗanda suka halaka kansu cikin masu fama da asma, wato fuka, ya ninka na sauran sau biyu har da ɗoriya. Ga ɗaya daga cikin dalilan da ake zato. Yaron da tari da shessheƙa ke tayarwa da tsakar dare, ya kwana zaune yana kokawar numfashi, ya daina wasan ƙwallo, darussa su wuce shi, sannu a hankali fargaba da ciwon damuwa ke kama shi.

Wani zai ce haɗuwar abu biyu ba ta nufin ɗaya ne ya haddasa ɗayan. Gaskiya ne, shan taba, talauci da wasu magunguna suna da hannu. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sanya gargaɗi mafi tsanani a kan maganin asma mai suna montelukast saboda yana iya dagula tunani. Sai dai wannan ƙarin dalili ne na sa ido, ba na firgita ba, tunda mafi yawan masu asma suna rayuwa lafiya idan sun samu kulawa. Likitan da ya saurari ƙirji, ya tambayi barci da walwala. Iyaye kuma, musamman lokacin ƙurar hunturu, in yaro ya janye jiki ko ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ku saurare shi, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku dakatar da magani sai da shawarar likita.