Tawakkali da Sakankancewa: Ayoyin da Ake Zaton Sun Saɓa

Aya ta 3 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta tabbatar cewa Allah ya isar wa duk wanda ya dogara gare shi. Aya ta 99 ta Suratul A'araf kuwa ta kira masu amince wa kamun Allah da sunan hasararru. A zahiri sai a ga kamar ɗaya na kwantar da hankali, ɗaya na tayar da shi.

Malaman tafsiri sun bayyana cewa ayoyin ba abu guda suke magana a kai ba. Ta farko ta shafi wanda ya yi iya ƙoƙarinsa, ya bar sakamako ga Ubangiji. Ta biyu gargaɗi ce ga mutanen garuruwan da suka nutse cikin saɓo suna ganin babu abin da zai same su. Yaƙin Hunaini, a shekara ta 8 bayan Hijira, ya ƙara fito da bambancin: yawan rundunar Musulmi ya ruɗe su, aka tarwatsa su da farko, kamar yadda aya ta 25 ta Suratut Tauba ta ambata.

Wannan bambanci ba na zauren karatu kaɗai ba ne a Zamfara. Direban da ke bin hanyar Gusau zuwa Tsafe, ko manomin Bunguɗu da gonarsa ke bakin daji, kullum yana fuskantarsa saboda 'yan bindiga. Wanda ya bincika labarin hanya, ya guji tafiyar dare, ya yi addu'a, shi ne ya yi tawakkali. Wanda ya rataya laya ya kutsa yana cewa harsashi ba ya cinsa, ya faɗa cikin sakankancewar da ayar A'araf ta hana.