Ko ka sani? Ramin HDMI na laftof ƙofar fita ce kawai

Talabijin ta mutu, saura awa ɗaya a take wasa. Dikoda lafiyarta lau, ga laftof a kan tebur, a gefenta kuma akwai rami irin na bayan talabijin sak. Sai mutum ya zaro wayar HDMI ya soka, ta shige daram. Amma allon laftof ko gezau.

A nan mutane da yawa kan ɗora wa waya laifi, su je su sayo wata, kuɗi ya tafi a banza. Wayar ba ta yi komai ba. Tun da aka fito da tsarin HDMI a ƙarshen 2002, bakin ramin da aka saba gani iri ɗaya ne a talabijin da laftof, da 'yan haƙora 19 a ciki, amma abin da ke bayan ramin ya bambanta. Na talabijin an haɗa shi da kayan karɓar hoto, na laftof kuwa da kayan aikawa kaɗai.

Abin da ke faruwa a daƙiƙar farko shi ya fi burge ni. Na'urar da ke aika hoto takan tura wuta bolt 5 ta haƙori na 18, kamar mai sallama a ƙofar gida. Talabijin ta amsa ta na 19, sannan ta faɗi girman hoton da za ta iya ɗauka. Sai an gama wannan gaisuwa hoto ke fara tafiya. To idan ka haɗa dikoda da laftof, baƙi biyu ne suka tsaya suna ta sallama, babu mai gida da zai amsa. Shi kuwa allon laftof, wata siririyar waya ce da ta bi ta mahaɗin murfi take kawo masa hoto kai tsaye daga cikin injin, ba ruwansa da ramin gefe. Don haka babu manhajar da za ka sauke ta juya lamarin. Haka tsohon ramin nan shuɗi na VGA mai 'yan huji 15 yake, shi ma fita kawai.

An taɓa yin laftof 'yan kaɗan da suka bambanta. Wajen 2011, Alienware M17x da M18x sun zo da rami na biyu musamman don karɓar hoto.

Mafita ita ce 'yar na'urar kama hoto, wadda masu shago ke kira kafca kad. Wasu ba su fi filas girma da yawa ba. Wayar HDMI ta shiga gefe ɗaya, ɗaya gefen ya shiga ramin USB, laftof ta ɗauke ta tamkar kyamara, sai ka buɗe manhaja irin OBS Studio, wadda kyauta ce, hoto ya fito. Yakan ɗan yi jinkiri. Mai kallon ƙwallo ba zai damu ba, mai buga gem kuwa zai ji a hannunsa. Akwai kuma makullin HDCP da ake sa wa finafinai don hana kwafa, wanda kan sa allo ya yi baƙi. A PlayStation 4 da 5 ana iya kashe shi a saiti don wasa.

Idan ka je saye, ka buɗe ido. Akwai wata mai kama da ita, mai USB da HDMI ita ma, amma aikinta fitar da hoto zuwa talabijin. Ka ce wa mai shago ya gwada a gabanka, da dikoda ko gem, ka ga hoto a allon laftof kafin ka biya.