Abin da Marubuci Ya Ɓoye

A 1927 marubucin nan na Amurka, Ernest Hemingway, ya wallafa wani gajeren labari mai suna "Hills Like White Elephants". Wani mutum da budurwarsa suna jiran jirgin ƙasa a wata tasha a Sifen, suna gardama kan aikin likita da yake so a yi mata. Har labarin ya ƙare ba a faɗi sunan aikin ba, ba a kuma faɗi ko ta yarda ba. Yawancin masu nazari sun fahimci zubar da ciki ake nufi, ganin yadda yake ta matsa mata, ita kuma tana kauce wa zancen.

Hemingway ya kwatanta irin wannan rubutu da dutsen ƙanƙara a teku, wanda kashi ɗaya bisa takwas kawai ke fitowa saman ruwa. Sharaɗinsa shi ne marubuci ya san abin da ya ɓoye. In bai sani ba, giɓi ya bari kawai.

'Yan'uwa ɗalibai, kafin ku taƙaita labarinku, ku bar alamun da mai karatu zai bi ya gano sauran da kansa.